Tafiya Biyu da Suka Watse da Aikin da Ya Tsaya: Nazarin Lamarin Wani Mai Bishara, 1893 zuwa 1942

Wannan nazari ya bi sawun mutum ɗaya, Bature mai suna Rowland Bingham, wanda tun yana ɗan shekara 20 ya ƙudura cewa shi da ƙafarsa zai kai bisharar Yesu Almasihu cikin yankin da Turawan zamaninsa ke kira Sudan. Sau biyu ya taso, sau biyu ciwo ya tare shi a bakin teku ya mayar da shi gida. Har ya bar duniya bai taɓa zama a ƙasar a matsayin mai bishara ba. Tambayar da lamarinsa ya ɗaga ita ce wadda fastoci da dattawan ikkilisiya ke ji daga bakin masu bi kullum: idan mutum ya tabbata Allah ne ya kira shi, amma duk shirin da ya yi don cika kiran sai ya rushe, me zai yi?

Asalin lamarin: 1872 zuwa 1893

An haife shi a kudancin Ingila a watan Disamba 1872. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 13. Ya ba da gaskiya ta wurin wa'azin ƙungiyar Salvation Army, yana da shekara 16 kuma ya ƙaura zuwa Kanada. Ya yi wa ƙungiyar aiki na ɗan lokaci, daga baya ya koma yana taimakon wani fasto a Toronto. Faston nan yana cikin masu koyar da cewa warkar da jiki tana cikin aikin fansa, wato mai bi yana da ikon sa rai da warkewa ta bangaskiya kamar yadda yake sa rai da gafarar zunubi. Saurayin ya sha wannan koyarwa, ya kuma riƙe ta.

A 1893 ya haɗu da wata dattijuwa 'yar asalin Sikotlan da ke zaune a Toronto. Ita ta ba shi labarin ɗanta, wanda nauyin Sudan ya hana shi sakat. Sudan ɗin da suke nufi ba ƙasar da ke da wannan suna a yau ba ce. Sunan ya fito daga Larabci, yana nufin dukan shimfiɗar da ke kudu da Sahara, tun daga yammacin Afirka har kogin Nilu, da ƙasar Hausa da Borno a tsakiyarta. Ƙiyasin da ake yaɗawa a majami'un Turai da Amurka a lokacin shi ne mutum miliyan 60 ko fiye suna zaune a wurin, babu tashar mishan a cikinsu. Ɗan dattijuwar ya riga ya bi ƙungiyoyin mishan yana roƙo su aike shi, duk sun ƙi, wasu don rashin kuɗi, wasu don tsoron cututtukan yankin. Ba da jimawa ba saurayin namu ya haye teku ya same shi a Ingila. Na ukunsu Ba'amurke ne daga Buffalo. A cikinsu babu wanda ya kai shekara 30.

Shirin nasu gajere ne. Su sauka a Legas, su bi ta ƙasar Yarbawa, su haye kogin Kwara, su shiga ƙasar Hausa. Ba ƙungiya a bayansu, ba albashi, ba wanda aka ɗora wa alhakin aiko musu da kuɗi ko kaya, babu kuma wanda ya yi karatun likita a cikinsu.

A nan yana da kyau a san abin da duniya ta riga ta sani game da zazzaɓin da ke kashe Turawa a gaɓar Afirka ta Yamma. Tun a 1854 likita William Baikie ya shiga kogin Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana ba mutanensa kwinin a kai a kai tun kafin ciwo ya kama su, ya komo ba a rasa Bature ko ɗaya ba. Amma ba a san sauro ne ke kawo ciwon ba tukuna. Wannan sai a 1897, lokacin da Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya.

Tafiya ta farko: Disamba 1893 zuwa 1895

Sun sauka a Legas ranar 4 ga Disamba 1893. Masu aikin mishan da suka daɗe a garin ba su ɓoye musu komai ba. Wani babba a cikinsu ya gaya musu cewa su ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba, sai dai wataƙila jikokinsu.

Kafin su yi nisa da shiri zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da saurayin, ya sha da ƙyar. Sai suka raba aiki: shi ya tsaya a bakin teku yana karɓar saƙo da kuɗi, yana neman yadda zai tura kaya, sauran biyun suka nausa arewa. Wannan rabon aiki ba ya cikin shirin farko. Dole ce ta kawo shi, kuma a ganinsu na ɗan lokaci ne.

Hanyar kawo kaya ita ce ta fara karyewa. Tafiyar ƙasa ce ta makonni, da 'yan dako, a lokacin da yaƙe-yaƙe da hare-haren kamun bayi suka rikita hanyoyi. Guzuri ya ƙare, Ba'amurken ya juyo kudu don ya ɗebo wani, ya bar abokinsa shi kaɗai. Ɗan dattijuwar ya faɗa hannun mayaƙan Sarkin Kwantagora, kayansa suka salwanta, daga baya aka sake shi jikinsa ya riga ya raunana. Ya rasu a Girku, kudu da Zariya, a watan Nuwamba 1894. Ba'amurken ya kama hanyar komawa arewa da kayan, zazzaɓi ya tare shi a Bida, ya rasu a can a watan Disamba na shekarar. Cikin shekara ɗaya da saukarsu, mutum biyu daga cikin uku suna kabari, ba a kafa tasha ba, ba a yi wa kowa baftisma ba.

A 1895 wanda ya rage ya koma Kanada. Ya ɗauki ɗan abin da ya saura na kayan abokinsa ya kai wa uwarsa. Amsar da ta ba shi ta zama sananniya a tarihin wannan aiki: ta ce gara mata ɗanta ya tafi Sudan ya mutu a can shi kaɗai, da a ce yana gida a ranar yana ƙin bin umarnin Ubangijinsa.

Shi kuwa zuciyarsa ba ta kwanta kamar tata ba. Daga baya ya rubuta da kansa cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe. Ya tafi yana dogara ga alkawaran warkarwa da yake ganin a fili suke cikin Littafi Mai Tsarki, ga shi ya baro mutum biyu a ƙasa, waɗanda bai san masu aminci irinsu ba. Watanni ya yi yana fama da tambayar ko alkawaran ne suka gaza.

Gyaran shiri: 1895 zuwa 1899

Bai bar batun ba, bai kuma yi gaggawar komawa ba. Ya duba giɓin da ya gani da idonsa, ya shiga cike su ɗaya bayan ɗaya. Ya je wani asibiti a Cleveland ta Amurka ya koyi abin da ya sawwaƙa na aikin jinya da magani. Ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki a New York. Ya karɓi aikin fasto a wata ikkilisiyar Baptist a Newburgh, inda ya koyi kiwon jama'a, abin da bai taɓa yi shi kaɗai ba.

A 1898 ya yi aure, a shekarar kuma ya samu aka kafa majalisa a Toronto don ta tsaya wa aikin, ta riƙa karɓar baiko, tana tantance masu son tafiya, tana lura da kuɗi. Sunan da aka ba ƙungiyar a lokacin shi ne Africa Industrial Mission, domin tunaninsu shi ne tashoshin za su riƙa ciyar da kansu ta noma da sana'a. Daga baya ya ajiye aikin fasto ya ba da kansa gaba ɗaya ga mishan ɗin.

Idan aka jera sabon shirin kusa da na 1893, kusan komai ya canja. Akwai majalisa, akwai hanyar kuɗi, akwai ilimin magani, akwai ƙarin sanin Littafi Mai Tsarki. Abu ɗaya ne ya zauna yadda yake: shi ne zai ja tawagar, shi ne zai shiga ƙasar.

Tafiya ta biyu: 1900

A 1900 ya sake sauka a Legas tare da samari biyu. Cikin mako uku zazzaɓin cizon sauro ya sake kwantar da shi, aka kai shi asibiti, aka kuma yanke cewa a sa shi jirgi ya koma gida. Samarin biyu sun yi masa alkawarin za su ci gaba. Amma maganganun karya gwiwa da suka ji a Legas, ga jagoransu an ɗauke shi, sai gwiwarsu ta yi sanyi suka janye. Wannan karon ko kogin Kwara ba a gani ba.

Ya ce wannan shi ne lokaci mafi duhu a rayuwarsa. Dalilin a bayyane yake. A 1895 yana da abin da zai ɗora wa laifi: ƙuruciya, rashin kuɗi, rashin majalisa. A 1900 duk ya gyara waɗannan, ya shekara biyar yana gyara su, sakamakon kuma ya fi na farko gajarta. Shekara bakwai ke nan da fara magana a kan Sudan, abin da zai nuna wa masu ba da baiko kaburbura biyu ne da tafiya biyu da suka watse. Har wasu na kusa da aikin sun ga lokacin rufe shi ya yi.

Wasu suka tafi, shi ya zauna: 1901 zuwa 1902

Shawarar da aka yanke bayan haka ba ta bi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu da ake zato ba. Ba a rufe mishan ɗin ba. Bai kuma sake ɗaura ɗamara ya ce sai ya gwada na uku ba. Aka shirya tawaga ta mutum huɗu, suka tashi a 1901, shi kuwa ya zauna a Toronto. Aikin da ciwo ya tilasta masa a Legas a 1894, wato tsayawa a baya yana nemo kuɗi, yana tura kaya, yana rubuta wasiƙu, shi ne yanzu ya karɓa a matsayin aikinsa na dindindin.

Hanyar ma an sauya. Maimakon tafiyar ƙasa daga Legas, tawagar ta bi ruwa ta kogin Kwara. Halin ƙasar ya canja a tsakanin: ranar 1 ga Janairu 1900 Lugard, babban jami'in mulkin mallaka, ya ayyana mulkin Ingila a kan Arewa a Lakwaja, a farkon 1901 kuma sojojinsa suka ci Kwantagora da Bida. Jiragen ruwa suna zirga-zirga a kogin. A 1902 tawagar ta kafa tasha a Patigi, garin Nufawa a gaɓar Kwara ta kudu, daura da inda kogin Kaduna ke shigowa. Wannan ita ce tashar farko, shekara tara bayan tasowar farko.

Ba a ce ciwo ya ƙyale su ba. Cikin shekara biyu, ɗaya daga cikin huɗun ya rasu, biyu an mayar da su gida ba lafiya. Wanda ya rage ya ƙware a Nufanci har ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen. Bambancin shi ne, a wannan karon faɗuwar mutum ba ta zama faɗuwar aikin ba, domin akwai wanda ke zaune a gida yana nemo masu maye gurbi. A cikin waɗanda suka iso a 1902 akwai Dokta Andrew Stirrett, mai kantin magani daga Toronto, wanda ya bar dukiyarsa ya zo, Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Ya dage a kan kowane ma'aikaci ya sha kwinin kowace rana, ba sai zazzaɓi ya zo ba. Da wannan da gidan sauro, yawan mace-mace ya ragu ƙwarai.

Inda ƙofa ta buɗe: 1902 zuwa 1917

Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris. Mai kallo daga Toronto zai ɗauka hanyar ƙasar Hausa ta buɗe ke nan. Akasin haka ya faru. Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, hukumomin mulkin mallaka kuma suka yi ta hana 'yan mishan zama a manyan masarautu. Biranen da aka yi niyya tun 1893 suka kasance a rufe shekaru masu yawa.

Sai aikin ya karkata inda aka bar shi ya shiga. Aka buɗe Wushishi a 1904, Egbe a ƙasar Yagba a 1908, Paiko da Karu a cikin Gbagyi, Kwoi a ƙasar Ham waɗanda aka fi sani da Jaba a 1910, Miango a cikin Irigwe, Kaltungo a ƙasar Tangale a 1917. Yawancin waɗannan kabilu ba su cikin lissafin samarin nan uku, wasu ko sunansu ba su taɓa ji ba. A nan ne ikkilisiyoyi suka fara tsirowa, kuma Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa da yawa daga cikinsu a sujada da makarantar Littafi Mai Tsarki.

Shirin ciyar da tashoshi ta noma da sana'a shi ma bai yi ba, aka ajiye shi, aka cire kalmar daga sunan ƙungiyar a 1905. An gwada haɗewa da wata ƙungiyar mishan, Sudan United Mission, na ɗan lokaci, haɗin bai ɗore ba. Daga 1907 ƙungiyar ta tsaya da sunan Sudan Interior Mission, wato SIM.

Bingham kuma a Toronto, daga 1904 ya zama editan wata mujallar Kirista, ya mayar da ita muryar aikin bishara a ƙasashen waje. A 1912 ya kafa kamfanin buga littattafai. A 1921 ya fitar da ɗan littafi a kan Littafi Mai Tsarki da lafiyar jiki, inda ya ƙi koyarwar da ya tafi da ita Legas, ya nuna cewa Allah yana warkarwa amma bai yi alkawarin warkar da kowane mai bi a wannan rai ba, shan magani kuma ba rashin bangaskiya ba ne. Ya kafa gida a Kanada don 'ya'yan 'yan mishan, aka sa wa gidan sunan abokinsa da ke kwance a Girku. Ya riƙa kai ziyara Afirka a matsayin shugaban ƙungiyar, ya zaga tashoshi ya koma.

Sakamako: 1924 zuwa bayan rasuwarsa

A 1924 mishan ɗin ya shiga Nijar ta Damagaram, daga baya Tsibiri. A 1927 ya shiga Habasha. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na CMS, mishan ɗin ikkilisiyar Anglikan, ya ja gaba, Bature Mai Magani da wasu suna taya shi. A 1933, shekara 40 bayan saukar farko a Legas, SIM ta samu wurin zama a Kano. Shigar da ta yi sosai cikin masarautu ta zo ne ta hanyar jinya: asibitocin kutare a Yadakunya kusa da Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, sai asibitin ido na Kano. Magani, abin da shirin 1893 bai dogara da shi ba, shi ne ya zama mabuɗin.

Bingham ya rasu a watan Disamba 1942, saura shekara ɗaya aikin ya cika 50, ƙungiyar tana da ma'aikata kusan 400. Asibitin Galmi a Nijar an buɗe shi a 1950. A 1954 ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin a Najeriya suka haɗu suka zama ɗarika ɗaya mai suna ECWA, a 1976 kuma mishan ɗin ya miƙa mata ayyukansa. Jami'ar ikkilisiyar da ke Karu tana ɗauke da sunansa a yau.

Abin da ya faɗi, abin da ya tsaya, da dalili

Abin da ya kira “nufin Allah” a 1893 ƙunshi ne, ya ɗaure abubuwa dabam-dabam da igiya ɗaya: bishara ta kai Sudan, ta shiga ta ƙasar Hausa kai tsaye, a yi ba tare da ƙungiya ba, jiki zai tsira ta bangaskiya, shi kuma yana gaba. Na farkon ne kaɗai ya tsaya. Sauran duk nasa ne, kuma an kwance su daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru. Karin Magana 16:9 ta faɗi wannan rabon aiki, cewa zuciyar mutum ke tsara hanya amma Ubangiji ke bi da sawunsa. Ayar ba ta hana tsarawa ba. Wahalar ita ce mutum ya gane wane sashe na ƙunshin ne kiran, wane ne tsarinsa, domin a cikin zuciya duk ɗumi ɗaya suke da shi.

Tafiya ta farko ta faɗi a kan abubuwa na zahiri: hanyar guzuri mai tsawo, rashin majalisa, rashin rigakafi. Waɗannan ba asirin Allah ba ne, kurakurai ne da za a iya gyarawa, ya kuma yi daidai da ya gyara su. Da ya ce “haka Allah ya so” ya naɗe hannu a 1895, da ya sa wa sakaci rigar miƙa kai. Tafiya ta biyu ta fi koyarwa. Ya gyara duk abin da ke wajensa, ya bar abin da ke cikinsa, wato zaton cewa ba shi, ba aikin. Tawagar kanta an gina ta a kan wannan zato, shi ya sa da aka ɗauke shi ta watse nan take. A ganinmu ranar da ya yarda wasu su tafi shi ya zauna ita ce ranar da ya miƙa kai ga nufin Allah, kuma ta fi ranar da ya hau jirgi yana ɗan shekara 20 tsada, domin hawa jirgi yana da daɗin labari, zaman ofis da rubuta wasiƙun neman kuɗi kuwa babu mai yi masa kirari.

Ta yaya ya bambanta gwaji da ƙofar da aka rufe? Ba mafarki ya yi ba, ba murya ya ji ba. Shaidun a fili suke. Cikas iri ɗaya ne, a wuri ɗaya, a jiki ɗaya, sau biyu, tsakaninsu shekara shida, na biyun bayan an yi duk shirin da ya kamata. Likitoci sun yi magana. A gefe guda kuma baiwarsa ta rubutu, ta tara mutane, ta riƙe amana ta kuɗi tana ba da 'ya'ya duk inda ya sa ta. Sannan cikas ɗin shi ya tare, bai tare aikin ba, tunda wasu sun wuce. Dattijon ikkilisiya da mai bi ya zo masa da shirin da ya rushe zai iya bin wannan sawu: ya sa shi ya rubuta manufar dabam, hanyar dabam, matsayinsa a ciki dabam, sannan su duba wanne ne ainihin ya faɗi, sau nawa, kuma ko akwai gyaran da aka tsallake. Sau da yawa mutum yakan zo yana kukan Allah ya ƙi manufarsa, alhali hanyar ce ko kujerar da ya zaɓa wa kansa aka ƙi. Haka aka yi da Dauda: ya so gina Haikali, aka ce ba shi ba, Sulemanu ne, sai ya shiga tara dutse da katako da ƙarfe don mai ginin, kamar yadda 1 Tarihi sura 22 ta nuna. Bulus ma an hana shi Asiya, an hana shi Bitiniya, ya ci gaba da tafiya har Taruwasa kafin kiran Makidoniya ya zo.

Batun warkarwa yana bukatar a tsaya a kansa, domin koyarwar da ta kusa karya shi tana nan da ranta a majami'u da yawa. Da abokansa suka mutu yana da zaɓi uku: ya ce Allah ya saɓa alkawari, ya ce mamatan ba su da bangaskiya, ko ya koma ya duba ko shi ne ya karanta alkawarin ba daidai ba. Ya ɗauki na uku. Nassin kansa ya isa: Bulus ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, ya shawarci Timoti a kan ciwon cikinsa, ya ce Abafaroditas ya kusa mutuwa, shi kansa ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙaya aka ce alheri ya ishe shi, Luka abokin tafiyarsa kuma likita ne. Duk wanda ya sa mai ciwon suga ko hawan jini ya ajiye maganinsa don ya nuna dogara ga Allah, yana ɗora wa Allah alkawarin da bai yi ba, kuma idan abin ya ɓaci iyalin mamacin ne za su gaji girgizar da wannan mutum ya sha a 1895.

Akwai wurare biyu da bai kamata a yi saurin karanta nufin Allah a wannan labari ba. Na ɗaya, yawan da aikin ya yi daga baya ba shi ne hujjar cewa an yi biyayya ba. Waɗanda ke kwance a Girku da Bida ba su ga tasha ko ɗaya ba, amincinsu kuwa bai gaza na wanda ya rayu ya ga ma'aikata 400 ba. Uwar nan ta fahimci haka tun babu wani sakamako da za a nuna mata. Na biyu, yaƙin Turawa. Gaskiya ne cin Bida da Kwantagora ya sauƙaƙa tafiyar 1901, amma an zubar da jinin mutane a Kano da Sakkwato da Burmi a 1903, kuma Kirista ba shi da dalilin sa wa wannan albarka don kawai wani alheri ya biyo ta gefensa. Yusufu da ya ce wa 'yan'uwansa Allah ya juya abin ya zama alheri, a cikin numfashi ɗaya ya ce su mugunta suka nufa. Ikon da ya buɗe kogin kuma shi ne ya rufe masarautu shekara 30.

Babban ɗan mishan nan na Legas da ya gargaɗe su a 1893 ma ya cancanci a yi masa adalci. A kan haɗarin ya faɗi gaskiya, kaburbura biyu suka tabbatar da maganarsa cikin shekara ɗaya, kuma da samarin sun zauna sun tambaye shi dalla-dalla game da zazzaɓi, da 'yan dako, da lokacin damina, da sun ƙaru. Inda ya wuce gona da iri shi ne da ya yanke wa Allah lokaci, ya ce sai jikoki. Tashar Patigi ta tsaya tun saurayin da ya gaya wa maganar bai cika shekara 30 ba.